Daga Kano zuwa Gwanja ta bakin teku

Da na ce zan je Gwanja, tambayar da aka fi yi mini ita ce, wai har yanzu akwai ta? Akwai ta kuwa. Ƙasar Gwanja tana arewacin Ghana, babbar kasuwarta da fataken Kano suka yi ta sintiri a kanta kuma ita ce Salaga. Kakan mahaifina yana cikin masu bin ayarin goro, kuma a gidanmu har yau in aka ga mutum ya daɗe bai dawo daga aike ba sai a ce ko Gwanja ya tafi. Shi ya sa da na samu hutu da ɗan abin hannu, sai na ga babu inda ya fi cancanta in fara zuwa.

Hanyar da mutanen da suke bi ta yamma ce: su bar Kano da jakuna, su tsallake kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su faɗa Sansanne Mango da Yendi, sannan Salaga. Watanni suke yi. Yau wannan yankin, musamman inda Benin da Burkina Faso da Nijar suka haɗa iyaka, ba wurin da mai iyali zai jefa kansa ba ne, don haka na zaɓi ta bakin teku. Na sabunta fasfo, na yi allurar rigakafin shawara na karɓi katinta, wanda a kan iyaka kowa yake kira yalo kad, na biya Wapa na canji 'yan saifa. Shawarar da wani ɗan canji ya ba ni ta yi mini rana, ya ce kada in ɗauki manyan takardu zalla, in nemi ƙanana in raba su aljihu-aljihu.

Daga Kano zuwa Legas babu abin faɗi, motar dare ce da ciwon baya. Na kwana Agege wurin wani ɗan'uwan mahaifiyata, da asuba na nufi Mile 2 na shiga ƙaramar mota mai zuwa Seme.

Nan aka fara tafiya. Tsakanin Badagiri da bakin iyaka ban taɓa ganin yawan shingaye irin na wannan hanya ba. Kafin mota ta gama ɗaukar gudu an sake tsayar da ita. Masu kaki kala-kala ne, wasu ma babu kakin, sai gora da katako mai ƙusoshi a gicciye. Direbanmu ya nannaɗe kuɗi ya sassaƙa su tsakanin 'yan yatsunsa tun daga tasha, yana miƙawa ba ya ko juyawa. Wata mata da ke gefena, 'yar kasuwa ce mai sarin atamfa, ta ce duk abin da aka karɓa a nan a kan farashin zani zai dawo. Abin ya tsaya mini a rai, domin tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa zai shiga 'yar'uwarta ba biza, ya zauna har kwana 90. Ginin iyakar Seme kansa sabo ne mai kyau, a 2018 Buhari da Patrice Talon suka buɗe shi don ma'aikatan ƙasashen biyu su zauna wuri guda a rage wa matafiya wahala. A ɗaya daga cikin iyakoki ukun da na tsallaka, wani ma'aikaci ya juya fasfona ya ga babu hatimi ko ɗaya a ciki, ya ce sabon fasfo yana da nasa kuɗin. Na tambayi rasit, sai ya ture fasfon gefe ya kira na bayana. Na yi tsaye har direba ya fara barazanar sauke mini jaka, sannan na biya. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba. Wata tsohuwa da ba ta da katin allura, abin da aka karɓa a hannunta ya ninka nawa, kuma ba a yi mata allurar ba aka ce ta wuce.

Ina tsallakawa ƙasar Benin Turancina ya daina aiki. Faransanci ban san ko gaisuwa ba. Amma ban yi taku ashirin ba na ji ana cewa, "Malam, canji?" 'Yan canjin bakin iyaka kusan duk masu jin Hausa ne, wasu daga Sakkwato da Kabi, wasu daga Doso da Tawa. Ɗaya daga cikinsu ya haɗa ni da mota, ya faɗa mini kuɗin da zan biya don kada a ƙara mini, ya kuma ce in na isa Kwatano in ce a kai ni Zongo, sauran bayani zan samu a can.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu ana kiran su zemijan, dukkansu da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, da hular kwano a kai. A lokacin da na je, da saifa 300 zuwa 500 ake kai mutum wuri mai ɗan nisa. A gefen titi ga fetur nan a manyan kwalabe ana sayarwa, kuma kowa ya san daga Najeriya yake tsallakowa. Na sauka a wani ɗan masauki kusa da masallacin Zongo, ɗaki mai fanka da bokitin wanka, ba laifi. Da dare na zauna teburin wani mai shayi ɗan Maraɗi, ya yanka mini burodin nan dogo mai ɓawo irin na ƙasashen Faransa, ya soya ƙwai ya zuba a ciki. Washegari na leƙa kasuwar Dantokpa da ke bakin ruwa, na ga inda shinkafa da atamfa da gwanjon da muke saye a Kano suke yada zango kafin su iso mu.

Daga Kwatano zuwa iyakar Togo tafiya ce mai daɗi, titi lafiyayye, itatuwan kwakwa hagu da dama. Togo ta bakin teku siririya ce ƙwarai, faɗinta bai wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba, in ba cunkoso cikin awa ɗaya da wani abu ka ratsa ta. A nan ake mayar da agogo baya da awa guda, domin Togo da Ghana suna bayanmu. Ana dosar Lome sai ga manyan jiragen ruwa sun yi layi can cikin teku suna jiran shiga tasha. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babban birnin ƙasa a manne da iyaka: titin bakin teku yana ƙarewa, sai ƙofar shiga Ghana. Da ƙafa muka tsallaka zuwa Aflawo, kowa da kayansa a ka.

Na canji sidi, na shiga motar Akara. Muka haye kogin Bolta ta gadar Sogakope, muka bi babban titin Tema da aka gina tun zamanin Nkrumah, muka shiga gari bayan magariba.

Mai masaukina a Nima yake, wani dattijo abokin cinikin yayana. Na shiga unguwar na ji kamar an sauke ni a Fagge: kiran sallah ta ko'ina, masu tsire, 'yan mata da tallan fura, yara suna dawowa daga makarantar dare. Hausarsu tana da nata salo, ba su cika raba namiji da mace ba, sai ka ji an ce "matata ya tafi kasuwa", kuma suna cakuɗa ta da Turanci da Tuwi, harshen mutanen Asante. Mutanen zango ba duka Hausawa ne ba, akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Wangara da Fulani, amma Hausa ce ta haɗa su. Da safe aka kawo koko da ƙosai, kokon mai yaji da citta da kanumfari, wanda duk Ghana, Musulmi da Kirista, da sunan Hausawa suke kiransa. Da rana kuma aka sayo mini shinkafa da wake irin tasu, wadda ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba mata taliya da gari da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito, a ƙunshe a ganye. Na ci abinci da yawa a tafiyar nan, amma wannan ne nake marmari har yanzu.

Bayan isha muna zaune a ƙofar gida na tambayi Alhaji ko yana zuwa gida. Ya ce, "Wane gida, ɗana? Nan aka haifi ubana, nan aka binne shi." Sai ya ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Ya ce yana yaro ya ga baffansa ya sayar da gida da arha ya hau babbar mota zuwa Najeriyar da bai taɓa gani ba. Na ce ai mu ma mun rama a 1983, zamanin Shagari, da aka kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, har jakar da suka zuba kaya ta samu suna. Ya ce, "Ka gani? Masu mulki suna faɗa, talaka yana ɗaure kaya." Ya ƙara da cewa har yau jikokinsa in sun je neman wata takarda aka ji sunansu, sai an tambaye su asalin garinsu. Nima kuwa, duk da tana tsakiyar birni kusa da fadar shugaban ƙasa, lungunanta a matse suke, magudanan ruwanta a cushe. A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata sukutum don raya zangonni, abin da ya nuna su ma sun san an bar wuraren a baya.

Juma'a na yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina da siffar masallatan Istanbul, aka buɗe shi a 2021. Ko'ina ka zauna a zango sai ka ji sunan Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919 ya kuma zama babban limamin ƙasa a 1993. Da ya cika shekara 100 ya je cocin Katolika a Akara ranar bikin Ista don gaisuwa da zumunci, kuma Kiristocin da na yi hira da su a mota da girmamawa suke ambatonsa. Wannan zaman lafiya na Ghana na yi sha'awarsa ƙwarai. A gida ɗaya sai ka tarar da Musulmi da Kirista suna haya, ba wanda ya damu da wani.

Na ware yini guda na je Elmina, yamma da Akara, inda wata tsohuwar ganuwar cinikin bayi take a bakin teku. Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar a 1482, 'yan Holan suka ƙwace ta a 1637, sannan ta koma hannun Ingilishi a 1872. Baƙo yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa. Mai zagayawa da mu ya shigar da mu kurkukun ƙasa inda ake tara mata, duhu da zafi da wani wari da shekaru ba su kawar ba, sama da shi kuma ɗakunan gwamna ne masu shan iskar teku. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi ƙunci gare ta, sai mutum ya karkace yake wucewa. Akwai wasu baƙaƙen fata daga Amurka a cikinmu, wata a cikinsu ta durƙusa tana kuka. Na fito ina jin haushin Turawa, ban san abin da ke jirana a arewa ba.

Akara zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne, cikin kurmi. A hanyar nan na fara ganin itacen goro da idona, dogo mai duhun ganye, 'ya'yansa a cikin kwanso. Na leƙa kasuwar Kejetia, wadda girmanta sai wanda ya gani, na kuma shiga gidan tarihi na fadar Manhiya, gidan da Ingilishi suka gina wa Sarki Prempeh na ɗaya bayan ya dawo daga tsibirin Seshel inda suka kai shi gudun hijira. Amma inda na fi daɗewa shi ne wurin 'yan goro a zango. Mata suna zaune sun baje goro, suna ware fari da ja, manya da ƙanana, suna tsince wanda ƙwaro ya huda, domin guda ɗaya in ya shiga sai ya ɓata huhu. Wani dattijo yana shimfiɗa ɗanyen ganye a cikin kwando, ya zuba goro, ya yayyafa ruwa, ya rufe, ya ɗaure tamau. Ya ce a zamanin jakuna haka fatake suke yi a hanya, duk bayan 'yan kwanaki a kwance huhu a sake ganye a fitar da ruɓaɓɓe, har a kai Kano. Na tuna da Alhassan Ɗantata, wanda shi ma da goron nan ya fara, har ya riƙa ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Legas.

A nan na fahimci dalilin da Salaga ta zama Salaga. Goro a kurmin Asante yake fitowa, masu cinsa kuma suna ƙasar Hausa da Barno. Sarakunan Asante ba su yarda fataken arewa su shiga kurmin su saya da kansu ba, sai suka sa a riƙa haɗuwa a can bakin daji, a ƙasar Gwanja da ke ƙarƙashin ikonsu.

Daga Kumasi na bi ta Mampon da Ejura da Atebubu. A hankali kurmi ya ja baya, sai ga kaɗanya da ɗorawa da tulin doya a bakin hanya, iska ta bushe, jikina ya ji kamar ya kusa gida. A Yeji titi ya ƙare, ruwa ya fara. Tafkin Bolta ne, wanda ya samu bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi mutane kimanin 80,000. Babban jirgin fito mai ɗaukar motoci bai da tabbataccen lokaci a ranar, muka yi ta jira a rana tun hantsi. Masu kwalekwalen inji suna ta kira, suna loda mutane da babura da buhunan gawayi har bakin jirgi ya kusa shafar ruwa. Na ƙi shiga. Da muka tashi a babban jirgin da la'asar na ga dalilin tsoron: busassun itatuwan da ruwa ya cinye tun wancan lokaci suna nan a tsaye, wasu kansu a waje, wasu a ɓoye ƙarƙashin ruwa, su ne suke fasa ƙananan jirage. Muka sauka Makango, na samu motar Salaga, muka shiga da dare.

Salaga ƙaramin gari ne mai shiru. Wanda bai san tarihi ba zai wuce ta bai waiwaya ba. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 sai Gwanja ta ɓalle daga Asante, goro ya sauya hanya, sannan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa abin da ya rage. Fatake da malamai suka watsu zuwa Kete Karachi da Kintampo da Kumasi da Akara, kuma da yawa daga cikin zangonnin da na ratsa daga nan suka samu mutanensu. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, malami mawaƙi haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Karachi ya rasu a can a 1934.

Limamin wani ƙaramin masallaci ya haɗa ni da wani tsoho da ya san gari. Ya zaga da ni rijiyoyin da aka haƙa cikin marmara, ga su nan birjik, wasu sun cike, wasu har yau mata suna ɗiba. Ya nuna mini filin tsohuwar kasuwa, ya lissafa abin da ayarin Hausa yake saukewa: kanwa, baƙaƙen riguna da rawuna na rinin Kano, jemammun fatu, busasshiyar albasa, dawakai da shanu. Ina ta jin daɗi, ina cewa a raina wataƙila a nan kakanmu ya kwance wa jakunansa kaya. Sai ya ce mu hau babur, akwai sauran wuri.

A bayan gari ne, cikin ciyawa, wani kwari mai ruwa da ramuka a gefensa. Na tambayi sunan wurin. Ya ce Wankan Bayi. Da Hausa ya faɗa, kuma sunan ke nan, ba shi da wani. Nan ake kawo mutanen da aka kamo bayan doguwar tafiya, a yi musu wanka, a shafe su da man kaɗanya don jikinsu ya yi sheƙi, a ba su abinci, sannan a kora su kasuwa a ɗaure. Wasu an kamo su ne a ƙasar Gurunsi, inda mayaƙan Zabarmawa irin su Babatu suka yi ta kai hari a shekarun 1880, wasu kuma daga nesa ayari yake zuwa da su. Daga nan wasu a kai su gonakin Asante, wasu su ɗauki kayan goro, wasu a gangara da su bakin teku.

Na ce, "Baba, har da fatakenmu a cikin cinikin nan?"

Ya ce, "Ɗana, ayarin da ya kawo kanwa shi ya kawo mutum. Ba kowane bafatake ba, amma kasuwa ɗaya ce, kuma da mutum ake sayen goro. Ni da nake gaya maka, a garin nan mun san gidan da kakansu ya sayar, mun san gidan da aka sayi kakansu. Yanzu duk an yi auratayya, ba a faɗa."

A gida labarin Gwanja labarin jarumta ne: madugu, da ayari, da 'yan fashin Bargu, da arzikin da aka dawo da shi aka gina soraye. Duk gaskiya ne, kuma ina alfahari da mutanen da suka taka wannan nisa da ƙafa, suka kai addini da karatu da harshe har bakin teku, har ni jikansu na ratsa ƙasashe uku ban rasa mai ce mini sannu da zuwa ba. Amma ban taɓa jin wani babba ya ambaci Wankan Bayi ba, ko a zaure ko a aji. A Elmina akwai mai bayani da allunan rubutu da baƙi daga ƙasashen duniya. A nan daga ni sai tsohon da ɗan acaɓar da ya kawo mu. Ina ganin ɗaliban tarihi na jami'o'inmu sun fi kowa cancantar a kawo su wurin nan, su ji sunan da kunnensu. Muka yi wa waɗanda suka ratsa ta wurin addu'a, muka koma gari.

Na fita ta Tamale, inda na ci tuwon zafi da miyar ayoyo, daga can na hau motar dare zuwa Akara, na sake bin bakin teku zuwa gida. Kuɗin mota da masauki ba su ne suka fi cin aljihuna ba, canji ne: naira zuwa saifa, saifa zuwa sidi, a dawo kuma a sake, kowane juyi sai an yi asara, ga na shingaye a kai. Wanda zai bi hanyar ya tanadi abin da ya ɗara lissafinsa, ya tsallaka kowace iyaka da rana, kada kuma ya miƙa fasfonsa ga wanda ba ya zaune a bayan taga. Yendi da Kete Karachi ban samu zuwa ba, guzuri ya ƙare. Su ne a gabana in Allah ya kai mu rani.